Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Ɗaure Jiki a Lokacin Mafarki

Kowane dare, sau huɗu zuwa shida, jikin mai barci yakan saki gaba ɗaya. Tsokokin wuya da na baya da na hannuwa da ƙafafu sukan daina riƙe komai, har ta kai ko yatsa mutum ya so ɗagawa ba zai iya ba. A daidai wannan lokaci ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar ta wanda yake ido biyu, kuma a nan ake yin mafi yawan mafarkan da ake tashi da su da safe. Mutum yana iya mafarkin an biyo shi da gudu, ya haura katanga, ya yi kokawa, amma wanda ke kwance kusa da shi ba zai ga komai ba sai ƙwayar ido tana kai-kawo a ƙarƙashin fata. Wannan sakin jiki umarni ne da wani ɗan gungun ƙwayoyin jijiya da ke gindin ƙwaƙwalwa yake bayarwa, yake kuma ci gaba da bayarwa har mafarkin ya ƙare. Idan umarnin ya makara wajen janyewa, sai a sami abin da Hausawa ke kira dannau. Idan ya kasa fita, sai mutum ya tashi yana aikata mafarkinsa da hannu da ƙafa.

Barci iri biyu ne

Har zuwa tsakiyar ƙarni na ashirin masana sun ɗauka barci abu ɗaya ne: ƙwaƙwalwa ta rage aiki, jiki ya huta. A 1953, a Jami'ar Shikago da ke Amurka, wani ɗalibi mai suna Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka wallafa abin da ya rushe wannan zato. Sun maƙala wayoyi a kai da gefen idon masu barci, suka ga lokaci-lokaci idanu suna motsi da sauri, na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa kuma tana zana irin zanen mai farke. Waɗanda aka tasa a wannan lokaci galibi sukan ce mafarki suke yi. Likitoci na taƙaita sunan wannan mataki da REM. A wannan darasi za a kira shi barcin mafarki, ɗayan kuma barci mai natsuwa, ko da yake shi ma akan yi 'yan mafarkai a cikinsa.

Su biyun karɓa-karɓa suke yi, kowane zagaye yana ɗaukar kimanin minti 90. Barcin mafarki na farko gajere ne, bai cika wuce minti 10 ba. Yayin da dare ke tsalawa sai ya riƙa tsawo, har na gab da asuba ya kai rabin awa ko fiye. A wajen baligi yana cin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na barcin dare. Jariri sabon haihuwa kuwa kusan rabin barcinsa ke nan, shi ya sa uwa take ganin yana murmushi, yana tsotson leɓe, yatsunsa suna zillo alhali barci yake yi.

A barci mai natsuwa tsoka takan yi laushi amma ba ta saki duka. Mai gyangyaɗi a kan benci yana iya zama a zaune, kansa ya sunkuya ya ɗago. Barcin mafarki ba ya yiwuwa a haka, kuma masu kiwo sun san wannan ko ba su san dalilinsa ba. Doki yana iya yin barci a tsaye, domin gaɓoɓin ƙafafunsa suna da hanyar kullewa, amma sai ya kwanta yake samun barcin mafarki. Dokin da aka ɗaure a wurin da ba ya iya kwanciya kwana da kwanaki, akan ga gwiwoyinsa na gaba suna lanƙwashewa yana neman faɗuwa. Saniya ma idan ta shiga wannan mataki takan mayar da kanta ta ɗora a kan haƙarƙarinta ko a ƙasa, saboda wuya ya daina ɗaukar nauyin kai.

Inda abin yake

Wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci yana fasa kan rago ya ga gindin ƙwaƙwalwa da idonsa. Idan aka ciro ƙwaƙwalwar ba tare da ta farfashe ba, aka kifa ta, za a ga wani farin sanda mai kauri ya fito daga ƙarƙashinta ya nufi ramin ƙeya, inda ya zarce ya zama laka. Na mutum ma haka yake, girmansa bai fi babban yatsan hannu da yawa ba. Kashi uku gare shi. Na sama shi ne tsakiyar ƙwaƙwalwa. Na biye da shi, mai ɗan tudu a gaba, shi ne fons. Na ƙasa, wanda ya haɗe da laka, shi ne medula. Duk saƙon da zai sauka daga ƙwaƙwalwa zuwa gangar jiki ta nan yake bi, kuma a nan cibiyoyin numfashi da bugun jini da haɗiya suke.

Tsoka ba ta motsi da kanta. Kowace tana da ƙwayoyin jijiya da ke ba ta umarni, waɗanda za a kira ƙwayoyin motsi. Na hannuwa da ƙafafu da baya a cikin laka suke zaune, na muƙamuƙi da harshe da fuska kuma a gindin ƙwaƙwalwa. Ko mutum yana zaune shiru, waɗannan ƙwayoyi suna aika 'yan saƙonni a kai a kai domin tsoka ta ɗan riƙe, abin da ke hana shi kifewa. Ƙwayoyin jijiya suna magana da juna ne ta hanyar sinadarai da suke fesawa a mahaɗarsu. Wasu sinadaran suna zuga ƙwayar da ta karɓe su, babbansu shi ne gulutamet. Wasu suna kwantar da ita, manyansu biyu su ne GABA da gilisin. Wanda ya riƙe waɗannan sunaye uku ya riƙe mabuɗin darasin.

Kyanwoyin birnin Liyon

Wanda ya fara gano cewa jiki yana saki a barcin mafarki shi ne Michel Jouvet, likitan ƙwaƙwalwa a birnin Liyon na Faransa. A 1959 ya sa wayoyi a tsokar wuyan kyanwoyi, ya ga duk lokacin da ƙwaƙwalwarsu ta yi kamar ta farka cikin barci, wutar tsokar wuyan takan ɗauke ɗif. Daga nan ya shiga neman inda umarnin ke fitowa. Ya tarar ko an raba gindin ƙwaƙwalwa da duk abin da ke samansa, sakin jikin yana ci gaba da zuwa a kan lokacinsa, muddin fons yana nan lafiya kuma yana haɗe da medula da laka.

A 1965 shi da abokin aikinsa Delorme suka lalata wani ɗan wuri a bayan fons, dama da hagu. Kyanwoyin suna farke lafiya lau, barcinsu mai natsuwa ma babu abin da ya same shi. Amma da zarar sun shiga barcin mafarki sai su ɗaga kai, su miƙe tsaye, su yi sanɗa kamar sun ga ɓera, su kai cafka, wani lokaci su yi kumbura da gurnani kamar masu faɗa. Abinci da haske da aka gitta musu ba su kula da su ba, domin barci suke yi. Adrian Morrison na Jami'ar Fensilbaniya ya maimaita wannan gwaji a shekarun da suka biyo baya ya sami irin wannan sakamako. Gwajin ya nuna abu biyu. Ƙwaƙwalwar mai mafarki da gaske take bayar da umarnin gudu da duka, kuma akwai wani wuri takamaimai da ke tare umarnin kafin ya isa tsoka. Abin kamar ɗan kabu-kabu ne da ya matse kuloci ya murɗa totur, injin yana ƙara, taya ba ta juyawa, kuma hannun da ya matse ɗin aiki yake yi: ya sake shi, babur ya zabura.

Hanyar da umarnin ke bi

An ɗauki shekaru kusan hamsin ana bin diddigin wannan hanya, yawanci a kan kyanwoyi da ɓeraye. Tana da zango uku.

Zangon farko shi ne wurin nan da Jouvet ya lalata. A ɓera ana kiransa SLD, a mutum kuma sabkoriliyas, ɗan gungu ne a bayan fons da bai fi ƙwayar hatsi ba. Ƙwayoyinsa shiru suke yi duk tsawon yini da lokacin barci mai natsuwa. Gab da shiga barcin mafarki sai su kama aiki, ba kuma sa tsayawa sai an fita. Gulutamet suke fesawa, wato zuga suke yi.

Waɗanda suke zugawa suna zango na biyu, a ƙasan medula ta wajen tsakiya. Tun 1946 Horace Magoun da Ruth Rhines suka ga cewa idan aka taɓa wannan yanki da 'yar wutar lantarki, motsin dabba yakan tsaya cak, amma a lokacin ba wanda ya san alaƙarsa da barci. Ƙwayoyin wannan wuri suna da dogayen zaruruwa da ke gangarawa cikin laka tun daga wuya har ƙugu, abin da suke fesawa kuma GABA ne da gilisin.

Zango na uku su ne ƙwayoyin motsin kansu. Michael Chase da Francisco Morales a Los Anjalas sun yi wani aiki mai wuyar gaske daga ƙarshen shekarun 1970: sun soka allurar gilashi mai tsananin siranta cikin ƙwayar motsi guda ɗaya a jikin kyanwa mai barci, suka auna wutarta. Sun ga da shigar barcin mafarki wutar takan sauka ƙasa da inda take, ta yadda saƙon da a da zai tayar da ƙwayar yanzu ba ya isa. Da suka ɗiga mata sitirikinin, gubar da ke toshe maƙallin gilisin, wato inda yake kamawa a jikin ƙwayar, sai wannan saukar ta ragu ƙwarai. Shekaru da dama aka zauna a kan cewa gilisin kaɗai ke wannan aiki, sai a 2012 Patricia Brooks da John Peever na Jami'ar Toronto a Kanada suka nuna a tsokar muƙamuƙin ɓera cewa sai an toshe maƙallan gilisin da na GABA iri biyu gaba ɗaya kafin sakin ya gushe. A 2017 da 2018 ɗakin binciken Pierre-Hervé Luppi, wanda ya yi aiki ƙarƙashin Jouvet a Liyon, ya rufe bakin ƙwayoyin zangon farko a wasu ɓeraye, na zango na biyu a wasu, ta hanyar sarrafa ƙwayoyin gado. Duka rukunin biyu suka riƙa shure-shure da zabura cikin barcin mafarki. Wasu masana suna ganin akwai kuma reshe da ke tafiya kai tsaye daga fons zuwa wasu ƙananan ƙwayoyi masu kwantarwa a cikin laka, amma hanyar medula ce hujja ta fi ƙarfi a kanta.

Ƙarfin waɗannan sinadarai biyu masu kwantarwa yana bayyana a cutar tetanos, mai sarƙe haƙora. Gubar ƙwayar cutar tana hana a fesa GABA da gilisin a cikin laka, sai tsokoki su sandare, muƙamuƙi ya kulle, baya ya banƙare. Barcin mafarki kishiyar wannan ne: an yi ambaliyar sinadaran, jiki ya yi laƙwas.

Akwai kuma taimako ta wata fuska. Idan mutum yana farke, wasu gungu biyu a gindin ƙwaƙwalwa suna yayyafa wa ƙwayoyin motsi noradirenalin da serotonin, masu sa su zama cikin shiri. A barcin mafarki gungun biyu kusan shiru suke yi. Ƙwayar motsi ke nan an danne ta, an kuma janye mata abin da ke ɗaga ta.

Saura tambayar wa ke tsare zangon farko da rana. Aikin wasu ƙwayoyi ne masu fesa GABA a tsakiyar ƙwaƙwalwa, kusa da 'yar magudanar ruwan da ta ratsa wurin. Muddin suna aiki, SLD a danne yake. A 2006 Jun Lu da Clifford Saper na Jami'ar Harbad suka bayyana cewa ɓangarorin biyu danne juna suke yi, duk wanda ya rinjaya sai ya rufe bakin ɗayan, shi ya sa shiga barcin mafarki da fita daga cikinsa suke faruwa cikin ɗan lokaci ba a tsaya a tsakiya ba. Daga can sama, a wani yanki da ake kira haifotalamas, wasu ƙwayoyi masu fesa sinadarin oreksin suna ƙarfafa masu tsaron domin kada ƙofar ta buɗe mutum yana tsaye.

Abin da ɗaurin ya ƙyale

Tsokar nan mai faɗi da ta raba ƙirji da ciki, wadda ita ce babbar mai jan numfashi, ba ta tsayawa. Tsokokin ido ma suna motsi. Zuciya da hanji dama ba ta wannan hanya ake sarrafa su ba. Amma tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari suna saki, haka na harshe da maƙogwaro. Saboda haka numfashin mai mafarki gajere ne marar tsari, kuma mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci ya fi shan wahala a wannan mataki, musamman idan yana da ƙiba ko ya kwanta rigingine. Jefi-jefi kuma wani umarni mai ƙarfi yakan ƙetare shingen, sai a ga yatsa ko leɓe ya yi zillo, ko kare yana kwance ƙafarsa tana ɗan harbawa.

Dannau

Mutum ya farka, yana ganin rufin ɗaki, yana jin carar zakara ko motsin mutanen gida, amma jikinsa ya ƙi motsi. Yana son ya kira wani, murya ta ƙi fita. Yana jin an ɗora masa nauyi a ƙirji, sau da yawa kuma yana jin akwai wani abu a ɗakin, ko ya ga inuwa a bakin ƙofa. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ko minti ɗaya zuwa biyu sai abin ya sake shi, ya tashi cikin gumi yana salati.

Kowane ɓangare na wannan yana da bayani a abin da ya gabata. Saman ƙwaƙwalwa ya farka, SLD bai riga ya yi shiru ba, don haka GABA da gilisin suna ci gaba da sauka a kan ƙwayoyin motsi. Idanu suna juyawa domin dama ba a ɗaure su ba. Nauyin ƙirji yana zuwa ne saboda mutum ya firgita yana son jan dogon numfashi, tsokokin haƙarƙari ba su amsa ba, alhali iskar da yake buƙata tana shiga. Inuwa da motsin da yake ji ragowar mafarki ne da ya zubo cikin ɗakin gaske, ga shi kuma cibiyar tsoro ta ƙwaƙwalwa, amigdala, tana cikin wuraren da suka fi aiki a barcin mafarki.

Abin ya zama ruwan dare a duniya. Wani nazari da Brian Sharpless da Jacques Barber suka wallafa a 2011, wanda ya tattara bincike fiye da 30, ya nuna kusan mutum 8 cikin ɗari sun taɓa fuskantarsa, a cikin ɗalibai kuwa kusan 28 cikin ɗari. A Najeriya, likitan ƙwaƙwalwa Jude Ohaeri ya bincika ɗaliban likitanci a Ibadan a ƙarshen shekarun 1980 ya tarar kimanin ɗaya cikin huɗu sun san shi. Kowace al'umma da yadda take fassara shi. A Masar da yawa suna danganta shi da aljanu, kamar yadda ake yi a ƙasar Hausa, inda wasu kuma suke ɗora wa mayu ko sammu.

Babban abin da ke jawo shi shi ne ƙarancin barci da yankewarsa. Wanda aka hana barcin mafarki, ƙwaƙwalwarsa takan rama: da ya kwanta sai ta faɗa cikinsa da wuri kuma da ƙarfi, iyakar da ke tsakaninsa da farkawa ta yi rauni. A 1992 masu bincike a Japan sun jawo wa masu sa-kai dannau da gangan ta hanyar tashinsu cikin dare suna mayar da su barci. Irin wannan rayuwa ba baƙuwa ba ce a Zamfara. Direban da ya kwana a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, ɗalibin kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe a makon jarrabawa, mai gadin kasuwa, duk barcinsu a yanke yake. Ga kuma waɗanda matsalar tsaro ta hana runtsawa: magidantan da ke kwana sintiri a bakin gari, da iyalan da suka baro ƙauyukansu suka fake a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu, suna barci kunne a buɗe. Fargaba da tunanin abin da ido ya gani suna ƙara yawan dannau da munanan mafarkai. Da azumi ma, wanda ya yi tsayuwar dare, ya tashi sahur, ya koma bayan asuba, ya koma ne a lokacin da barcin mafarki ya fi yawa. Kwanciya rigingine tana ƙara shi, kwanciya a gefe tana rage shi, abin da ya dace da ladabin kwanciya a gefen dama da aka koya wa yara tun suna makarantar allo.

Dannau shi kaɗai ba ya kisa, ba ya shanye jiki, kuma ba alamar taɓin hankali ba ne. Wanda ya san haka tsoronsa yakan ragu, raguwar tsoron kuma takan sa abin ya zo da sauƙi. Idan ya zo, abin yi shi ne mutum ya daina kokawar tashi, ya bar numfashi ya tafi yadda yake, ya mai da hankali kan juya ido ko motsa yatsa ɗaya. Taɓawa ko kiran suna daga wanda ke kusa yakan yanke shi nan take. Addu'ar kwanciya da zikiri suna kwantar da zuciya, kuma babu abin da ya hana a haɗa su da gyaran lokacin barci. Inda ɓarna take shi ne a sayar da akuya a kai wa boka, ko a nuna wata tsohuwa a unguwa a ce ita ce mayyar. An raba zumunci a kan abin da barcin awa bakwai zai iya magancewa, kuma wannan zalunci ne.

Idan dannau ya yawaita, ga kuma barci mai fin ƙarfi da rana, sai a yi tunanin wata cuta da ake kira nakolefsi. A 1998 aka gano oreksin, a 2000 kuma aka tabbatar masu wannan cuta sun rasa mafi yawan ƙwayoyin da ke yin sa. Tun da mai ƙarfafa tsaron ya tafi, ƙofar takan buɗe da rana tsaka: mutum yana cikin dariya sai gwiwoyinsa su saki, muƙamuƙi ya zube, wani lokaci ya faɗi, amma yana jin duk abin da ake faɗa. Akan ɗauke ta a matsayin farfaɗiya ko bugun iska, kuma ba ita ce ciwon barcin da ƙudan tsando ke kawowa ba. Tana da magungunan da ke sassauta ta.

Idan ɗaurin ya ƙi kamawa

Abin da Jouvet ya gani a kyanwa, an same shi a mutum bayan shekara 21. A 1986 Carlos Schenck da Mark Mahowald a jihar Minesota ta Amurka suka bayyana wasu dattawa da ke naushi da shuri da ihu cikin barci, wasu suna dirowa daga gado. Na'ura ta nuna suna cikin barcin mafarki, amma tsokar haɓarsu ba ta saki ba. Galibi maza ne da suka haura shekara 50, kuma sau da yawa masu sanyin hali ne da rana. Matar ce takan kawo ƙara: “Likita, maigidan faɗa yake yi cikin barci, jiya har ya buge ni.” Idan an tashe shi yakan farka garau ya ba da labarin da ya yi daidai da motsinsa, ɓarawo ne ya shigo yana kare iyalinsa, ko maciji yake tattakawa.

Wannan ya bambanta da tafiyar barci da aka fi gani ga yara. Ita tana zuwa ne a farkon dare daga barci mai natsuwa, idon yaro a buɗe, da safe kuma bai san ya yi ba, yawanci tana wucewa da girma. Aikata mafarki ya fi zuwa a kashin ƙarshe na dare, ido a rufe, mutum bai cika barin ɗaki ba.

Mutane sun fi tsoron dannau, amma wannan ne ya cancanci a tafi asibiti dominsa. Schenck ya ci gaba da bibiyar marasa lafiyarsa. A 1996 ya ba da rahoton cewa 11 cikin maza 29 sun kamu da cutar Fakinsin, mai sa karkarwa da sandarewa da jan ƙafa, wadda ɗan dambe Muhammad Ali ya yi fama da ita. Zuwa 2013 adadin masu ita ko danginta ya haura kashi 80 cikin ɗari. Wani babban bincike da Ronald Postuma na Montiriyal ya jagoranta a 2019, mai mutum 1,280 daga cibiyoyi 24, ya nuna kimanin 6 cikin ɗari suna kamuwa kowace shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a shekara 12. Dalili shi ne wani furotin mai suna alfa-sinukilin da ke dunƙulewa cikin ƙwayoyin jijiya. Sau da yawa yakan fara ɓarna daga ƙasan gindin ƙwaƙwalwa, ya taɓa medula da fons, shekaru kafin ya hau zuwa wurin da ke haddasa karkarwa. Waɗannan alƙaluma na waɗanda aka tabbatar da cutarsu da na'ura ne, kuma aka ga babu wani abin da ya jawo ta. Ba duk mai shure-shure da dare ke cikinsu ba. Wasu magungunan ciwon damuwa suna kawo irin wannan, haka barin giya farat ɗaya ga wanda ya saba, haka ɗaukewar numfashi ta masu minshari, da farfaɗiyar dare. Ƙwayoyi irin su tiramol da kodin ma suna dagula tsarin barci.

Matakin farko a gida yake, kuma ba ya cin kuɗi. A sauke katifa ƙasa. A kawar da wuƙa da adda da duk wani makami daga inda hannu zai kai, abin da ke da muhimmanci a wannan lokaci da magidanta da yawa ke kwana da makami a gefen shimfiɗa. Da hunturu a fitar da kaskon wuta. Kada jariri ko ƙaramin yaro ya kwana a shimfiɗar, uwargida ma ta ɗan ja gefe har a sami sauƙi, kuma kada a riƙe abin da ya faru a matsayin mugunta, domin mutumin bai san yana yi ba.

Daga nan sai asibiti. Ana iya farawa da babban asibitin Tsafe ko na Bunguɗu, ko a Gusau a je Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, inda za a iya tura mutum ga likitan jijiyoyi a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko na Malam Aminu Kano. Tabbatar da cutar yana buƙatar a kwana da wayoyi a kai da gefen ido da haɓa, kuma ba kowane asibiti ke da wannan na'ura ba, saboda haka bayanin wanda ke kwana tare da marar lafiya yana da nauyi sosai. A tafi da shi, a faɗi ƙarfe nawa abin ke faruwa da sau nawa a mako, a ɗauki hoton bidiyo da waya idan ya samu, a kuma kai duk magungunan da mutum yake sha. Likita zai tambayi ko jin ƙamshi ya ragu, ko akwai yawan taurin bayan gida, ko tafiya da rubutu sun canza, domin su ma alamu ne da kan riga karkarwa zuwa. Magunguna biyu aka fi bayarwa, melatonin da kulonazefam. Na biyun yana sa jiri da faɗuwa ga tsofaffi, yana kuma tsananta ɗaukewar numfashi ga mai minshari, don haka ba maganin da za a saya a kemis ba ne sai likita ya duba mutum ya rubuta.